Koren Kayan da Baba Ya Ɗinka

Ƙanina Marwan ba shi da aikin da ya fi ƙirƙirar tarihin da bai taɓa faruwa ba. Da rana yana sayar da wayoyi a wani shago a unguwar Aziziyya, nan Makka, in ya dawo gida ya shige ɗaki ya yi ta haɗa bidiyo yana sakawa a intanet, duk a kan finafinan nan na Japan masu jarumai biyar da kaya kala-kala da hular kwano, waɗanda kullum suke dukan dodo. Ni Sa'adatu na girme shi nesa ba kusa ba, ina gidan mijina a Zahir da 'ya'yana, amma wallahi ina kallo, don yaron ya iya tsara ƙarya.

Abin da ke cin ransa shi ne yadda Turawan Amurka suka yi da finafinan. Sun sayi hotunan faɗan, inda jaruman ke rufe ruf cikin kaya, suka yanke duk wurin da fuskar ɗan Japan ta fito, suka dasa samarinsu. Jarumi zai yi tsalle ya tuntsura a Japan, in ya cire hula sai ka ga Bature yana washe baki. Wanda ya sha zufa a cikin kayan kuwa, oho. Marwan ya yi bidiyo guda a kan wannan, yana ta kumfar baki da Larabci, wai sata ce da rana tsaka. Daga nan ya fara jerin da ya kira “Da a ce”. Da a ce Ingilawa ne suka fara saye, in ji shi, da jaruman sai sun ba dodo haƙuri kafin su buge shi. Da a ce Faransawa ne, da dodon zai mutu da jin surutu. Mutane suka yi ta dariya suna bin sa.

Ni na san inda ya gaji wannan hali. Babanmu Sabi'u tela ne a Utaibiyya, yana yaro iyayensa suka taho da shi ta Cadi da Sudan. Muna ƙanana ya samo kaset-kaset na waɗannan finafinai a kasuwa, na asali, babu fassarar Larabci. Sai ya kashe murya, ya tara mu da yaran layi, shi ya riƙa ba da labarin da Hausa. A bakinsa jaruman duk 'yan Utaibiyya ne, mai koren kayan nan tela ne, dodon kuma ya zo shanye ruwan tankin unguwa ne. In an kashe dodo sai Baba ya tafa hannu ya ce a koma gida a ci abinci. Marwan ne auta, ya tarar da kaset ɗin sun fara tsufa, amma a cinyar Baba ya kalle su har suka daina yi.

To bana sai ya zo da shawarar kashi na ƙarshe. Da a ce Turawan duk sun ƙi saye, hotunan suka faɗo hannun wani tela a Makka fa? Wannan karon ba zane zai yi da kwamfuta ba, jarumi na gaske yake so a kan rufin gidanmu. Ya faɗa wa Baba da guntuwar Hausarsa, rabi Larabci, Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi zai ɗinka kayan, kuma shi zai sa.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Tsoho mai ciwon suga, ƙafar hagu tana ɗingishi, a matse shi cikin yadi mai roba a zafin garin nan? Baba ya ce min in koma gidan mijina in yi mulkina a can. Ya ajiye ɗinkin mutane, ya auna jikinsa da kansa, ya yanka koren yadi, ya yi masa farin layi a ƙirji. Hular kwanon mai babur ya saya ya yi mata fenti. Ranar da ya gwada, kamar an sa wa tsinken tsire safa, amma ku zo ku ga yadda yake juyi gaban madubi.

Da sanyin safiya suka hau rufi, ni ma na je don in Baba ya faɗi a samu mai ihu. Hamad, abokin Marwan da suke harkar tare, wani dogon saurayi fari mai faɗin kafaɗa, shi ya riƙe kyamara. Baba ya yi naushin iska, ya ɗaga ƙafa iya inda ta yarda, ya zagaya tankin ruwa yana farautar dodon da sai daga baya za a sa shi da kwamfuta. Aka sake, aka kuma sakewa, rana ta fara cizo. A ƙarshe ya tsaya, hasumiyar agogon Harami a bayansa, ya ɗaga hular da hannu biyu, gemunsa ya jiƙe sharkaf, ya dubi kyamara.

“Ni ne Sabi'u tela na Utaibiyya. Dodo ya mutu. A koma gida a ci abinci.”

Har ni sai da na tafa. Ranar bai iya zuwa masallaci da Azahar ba, a zaune ya yi salla, amma bakinsa bai rufu ba. Ya buga waya har Kano yana shaida wa dangi, ya gayyaci abokansa na masallaci, su Alhaji Nasir, su zo ranar Juma'a bayan La'asar su ga yadda ya zama ɗan fim da tsufansa.

Bayan 'yan kwanaki, ina wanke-wanke 'yata ta kawo min waya, wai Kawu Marwan ya saka. Na goge hannu na zauna. Ga rufinmu, ga tankinmu, ga dodo mai baƙin kai, ga Baba cikin kore yana ɗingisawa a bayansa. Dodo ya faɗi. Hannaye biyu suka kama hula suka fara ɗagawa, hoton ya ɗan gilma, sai ga fuskar Hamad tana murmushi, shi ne cikin koren kayan Baba, yana wani jawabi da Larabci a kan adalci. Na mayar baya na sake kallo, ko idona ne. Ba idona ba ne.

Ko mayafi ban daidaita ba na shiga mota. Na samu Marwan a ɗaki, na rufe ƙofa don kada Baba ya ji daga shagon ɗinkinsa da ke jikin gidan, na wanke shi tas. Na ce kai ne mai kuka da Turawa? Su ai baƙo suka yanke, kai ubanka ka yanke. Da farko ya yi ta kame-kame. Wai akwai wani bidiyonsa na baya da muryar Baba ta shiga daga nesa yana kiran sa da Hausa, masu sharhi suka yi ca, ashe ɗan Takari ne, ashe kaza ne. Wai Baba yake karewa, kada a zage shi da furfurarsa. Na ce Baba ya san inda ake karanta sharhi ne? Sai ya sunkuyar da kai.

“Yaya, tsoro na ji,” ya ce. “Na kalli fuskarsa a kwamfuta, na ji kunya, sannan na ji kunyar kunyar da na ji. Duk da haka na yanke.”

Na so in mare shi, sai kuma ya ba ni tausayi, abin ya ƙara min haushi. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. Hoton asali yana nan, in ji shi, zai haɗa na daban mai fuskar Baba ya nuna wa tsofaffin ranar Juma'a, babu wanda zai sani. Na ce ƙarya kan ƙarya ke nan. Amma na tuna yadda Baba ke juyi gaban madubi, na kama bakina.

Kwanakin nan Marwan bai san inda zai sa kansa ba. Ya sayo wa Baba sababbin takalma, washegari turare. Yaron da ko tsintsiya bai san inda take ba, ga shi yana share shago yana tsince zare. Abinci sai ya juya cokali ya tashi. In Baba ya shigo falo shi ya fita, in Baba ya ce “darakta, yaya aiki?” sai ka ga kamar an watsa masa ruwan zafi. Baba kuwa daɗi yake ji, har ya ce min fim ɗin nan ya shiryar masa da yaro. Na ce masa haka ne.

Ranar Juma'a tsofaffi suka cika falo, aka zuba shayi, ni ina daga bakin ƙofar kicin. Baba ya rataye koren kayan a bango don kowa ya taɓa. Marwan ya ɗauko kwamfutarsa zai jona da talabijin, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a'a, na intanet ɗin za a buɗe, wanda duniya ke kallo, don Alhaji Nasir ya ga yawan mutanen da suka kalle shi da idonsa, kada ya ce cika baki ne. Marwan ya ce intanet na wahala yau. Alhaji Nasir ya ce tasa wayar lafiya lau take kamawa. Marwan ya waiwayo ya dube ni. Me zan yi masa? A gaban manya, ya buɗe.

Da jarumin ya fito yana ɗingishi falo ya kaure da dariya, Alhaji Nasir yana cewa ko cikin buhu aka sa wannan ƙafa ya san ta Sabi'u ce. Baba yana ta gyara zama. Dodo ya faɗi, Baba ya ce musu to ku duba nan, ku duba nan. Hula ta ɗaga. Fuskar Hamad ta cika talabijin.

Alhaji Nasir ya ajiye kofinsa a hankali. Na ga Baba ya ɗan matsa gaba ya ƙanƙance ido, kamar yadda yake yi in zai zura zare a allura, ya daɗe a haka. Marwan yana tsugune gefen talabijin, kansa a ƙasa.

“Kashe muryar,” in ji Baba. “Mayar da shi farko.”

Marwan ya yi yadda aka ce. Sai Baba ya gyara murya ya fara ba da labarin da Hausa, kamar muna yara. Ga dodo ya zo shanye ruwan unguwa, ga tela ya ajiye almakashi ya fito. Tsofaffin suka saki jiki, suna dariya suna sa baki. Da aka zo wurin hula, sai ya yi musu bayani cewa haka sana'ar take, na cikin kaya daban, mai fuska daban, 'yan Japan ma haka aka yi musu, Marwan ya karanci abin sosai shi ya sa ya bi ƙa'ida. Ya tafa hannu ya ce a koma gida a ci abinci. Suka tashi suna sa wa Marwan albarka, kowace albarka kamar bulala take sauka a bayansa.

Da suka watse Marwan ya durƙusa gaban Baba yana kuka, Hausar ta gudu, Larabcin ma ya ƙi fita daidai. Ya ce zai sauke wannan, ya saka na gaskiya yanzu-yanzu. Baba bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi ko mutane da yawa sun kalla, ya ce da yawa, sun fi na kowane bidiyonsa.

“Da fuskata ce, da sun kai haka?”

Da ma Marwan ya yi ƙarya a nan, wallahi da na yafe masa ita. Bai iya ba.

“To bar shi,” in ji Baba.

Ya miƙe da ƙyar, ya sauke koren kayan daga bango, ya shiga shago ya kunna fitilar keke. Muka bi shi kamar marasa gaskiya, don marasa gaskiyar ne mu duka biyun. Ya juya rigar ciki waje, ya ɗauki reza ya fara warware ɗinkin kafaɗa. Marwan ya riƙe masa hannu yana cewa Abuya, Babana, don Allah, me kake yi. Baba ya zame hannunsa a hankali, ya ce ya lura rigar ta matse yaron nan a wuya, ko numfashi da ƙyar yake yi, bai kamata a ce daga shagonsa ta fito haka ba. Da ma ya bar rara a ciki, za ta buɗe.

“Ka turo min awon abokin naka,” ya ce, bai ɗago ba. “Kafaɗa da ƙirji.”

Marwan ya zauna a ƙasa cikin ƙyallaye ya rufe fuska. Ni na tsaya riƙe da labule. Baba ya ci gaba da tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, yana tara su a gefen keke.