Bandar Inna Sisiliya

Shekara goma sha tara na yi ina gyaran kifi a kasuwar kifi ta Jidda, kuma duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa jin sunan ubana daga bakina. A unguwarmu ta Nuzla ni ne Haladu mai kifi. In an tambayi asalina sai in ce Ibi, bakin Binuwai, in yi maza in kawo wata magana. Matata Mastura, haifaffiyar Jidda, ta ɗauka ubana wani malami ne da ya rasu tun ina yaro. Ni na gaya mata haka, ko ƙifta ido ban yi ba.

Sunan ubana Antoni, uwata Sisiliya. Masunta ne, 'yan Katolika. Mu goma sha ɗaya suka haifa, suka raine mu kaf da birgin kamun kifi ɗaya da kwalekwale mai yoyo. Mazan cikinmu Baba ya sa mana sunayen masuntan da ke cikin littafinsu, ni na sami Andarawus. Ran Lahadi, ko kifi zai faɗo cikin jirgi da kansa, Baba ba ya taɓa ruwa. Inna kuwa kullum sai ta jera akushi goma sha ɗaya ta cika, in mun ce ina nata, ta ce ai ta ƙoshi a wajen banda. Sai da na yi gemu na gane ba ta ci komai ba.

Baba yana da yadda yake tsaga kifi: ta baya, ba ta ciki ba, a buɗe shi, a yi masa zane uku a gefen hagu don hayaƙi ya ratsa. Wanda ya yi biyu ko huɗu a gidanmu ya sha ranƙwashi.

Da na musulunta ina ɗan shekara ashirin na koma Haladu, na shirya wa duka. Baba ya ci gaba da ɗinkin birginsa, can ya ce, "To, ka riƙe da kyau." Da na ce zan bi alhazai a ƙasa ta Sudan, Inna ta ƙunshe mini banda a takardar siminti. Na ce mata shekara biyu zan yi.

A shekarata ta takwas a nan, lokacin aikin hajji, wani alhaji ya shigo kasuwa da ƙunshi a hammata yana tambaya da ƙarfi, "Wa ya san Andarawus ɗan Antoni na Ibi?" Kafilina Othman, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, yana tsaye kusa da ni, surukina yana rumfar gaba. Ni Musulmi ne, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, ba abin da wani zai yi mini. Amma na tuna ƙaryar da na shimfiɗa wa gidan su Mastura, sai na sunkuyar da kai ina kankare kifi. Alhajin ya dube ni, ya daɗe, ya wuce. Ragwanta ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Bana, kwana uku da saukar jirgin alhazan Kano, wata tsohuwa ta tsaya a gaban tebur ɗina. Ba ta taya kifi ba, ba ta kalli fuskata ba. Hannuna take kallo. Na tsaga kifi ta baya, na yi zane uku.

Ta matso ta ce a hankali, "Ɗana, sunana Fatsuma. Shekara talatin ina sarin banda a hannun wata mata a Ibi. Ina ne gidanka?"

Na bar wuƙar a kan tebur na kai ta Nuzla. Mastura ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo shayi, yaranmu huɗu suka zo suka gaishe ta. Hajiya Fatsuma ta ciro ƙunshi daga jakarta. Takardar siminti ce. Ƙamshin ya riga ta magana.

"Mahaifinka shekara shida ke nan da rasuwa," in ji ta. "Mahaifiyarka kuma ta bi shi sati biyu kafin mu taso. Da hannunta ta yi wannan, a zaune, don tsayuwa ta gagare ta."

Mastura ta dube ni, ta kira ni da sunan ɗanmu yadda ta saba. "Wane mahaifi, ya Abu Husaini? Ba tun kana yaro ba?"

Na juya na tambayi Hajiya yadda ta gane ni.

"Duk shekara sai ta ba wani alhaji ƙunshi, duk shekara a koma a ce ba a same ka ba. Har wani ya ce mata ya ga mai kama da Antoni sak a kasuwar kifi, ya kira suna, mutumin ya sunkuyar da kai. Mun zaci za ta yi kuka. Sai ta ce laifinta ne, ita ta sa ana kiransa a cikin mutane. Tun daga ranar ta hana. Ta ce kada wanda ya ƙara ambatar sunan nan, kada a ɓata wa yaronta zama. A duba hannu kawai, a miƙa masa, a tafi. To mazan nan ba su san hannu ba, sai da na zo da kaina."

Ashe ta sani. Shekara goma sha ɗaya tana sane da abin da na yi, tana kuma hura wutar banda saboda ni. Na yi kukan da ban taɓa yi a gaban 'ya'yana ba.

Mastura ta ce, "Halas, ya isa. Gaya wa yaran nan ko su waye kakanninsu."

Na kwance ƙunshin. Tarwaɗa ce guda ɗaya, an tsaga ta baya, zanen ukun duk sun karkace. Na raba wa yaran, na ce su faɗi bayana: Antoni, Sisiliya. Suka faɗa da harshensu na Jidda. Ƙaramar, Zakiya, tana tauna ta ce kifin da daɗi, yaushe kakar za ta sake aiko wani?