Ranar da Na Zama Munafuki

Ni nake koyar da adabin Faransanci a kwalejinmu. Bana muka karanta wani tsohon wasan barkwanci a kan wani mai tsoron Allah na ƙarya, wanda ya tare a gidan attajiri yana cin abincinsa, yana kuma neman matarsa. Shugaban kwaleji ya ce wasan zai jawo mana surutu, a cire shi. Na dage, don ina son wasan nan har raina. Ya ce to, mu fassara mu nuna wa iyaye. In sun ɓata rai, shi ke nan.

Ɗalibai kuwa kowa ya ƙi fitowa a munafukin, wai iyayensu za su gani. Matsorata! Dole na ɗauki carbi na hau dandali da kaina.

Zauren taro ya cika, amma tsit kake ji sai ƙarar fanka. Ina sunkuyar da kai, ina satar kallon matar attajiri, mutane na danne dariya, kowa na jiran wani ya fara. Shugaba yana ta duba agogo. Gumi ya jiƙa min riga.

Muka zo inda ɗan attajiri ya nuna ni da yatsa ya ce, "Baba, wannan mutumin macuci ne!"

Sai wata murya ta taso daga layin gaba: "Ƙarya kake yi, mara kunya!"

Innata ce. Ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ni na haife shi! Ita yarinyar ce ke masa fari da ido, ina kallonta tun ɗazu!"

Zauren ya fashe. Wani dattijo har da sauka daga kujera, shugaba ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Daga nan ko tari na yi sai an yi dariya. Kafin a watse, shugaba ya ce wasan ya zauna.

A mota na ce, "Inna, wasa ne fa."

"Na sani mana. Amma a gaban jama'a?"

"To da a ce da gaske na aikata?"

Ta kalli titi.

"Da sai na fi haka ɗaga murya," in ji ta.