Ko da Kowa a Gidan

Har sun turo gadon Malam bakin ƙofar ɗakin asibiti lokacin da matarsa ta iso. Ta sa ƙafa ta tare tayar.

"Minti ashirin, Yaya. Shi kawai nake roƙo."

Yayan mijin nata ya dubi agogo. "Mota na jira a ƙasa. Wata huɗu ke nan yana sume, ko yatsa bai ɗaga miki ba. Likita ya ce babu kowa a ciki. Mu kai shi gida mu yi jinyarsa, ki bar wahalar da bawan Allah."

"Likita da ido ya duba. Ni da na'ura zan duba. In na nuna yana ji, ba za a sallame shi ba, ko ba haka ba, Likita?"

Likitan ya ɗaga kafaɗa. "In kin nuna."

Shekara tara ita ke haɗa wa Malam na'urori a ɗakin bincikensa, tun kafin aurensu. Ra'ayinsa kuwa ta haddace shi tsaf. Ƙwaƙwalwa, in ji shi, gida ce mai ɗakuna da yawa. Sauti na iya shiga ɗakin ji ya mutu a nan, ko mai barci ma haka yake. Amma in labarin ya fito tsakar gida, kowane ɗaki ya ɗauka a lokaci guda, to mutum ya san ya ji. Akwai kowa a gidan.

Ta sa masa hular wayoyi, ta toshe masa kunnuwa da abin sauraro, ta saki sautin: ƙara huɗu iri ɗaya, ta biyar daban, don a ga ko ƙwaƙwalwarsa za ta lura da bambancin.

"Wannan hula ko mai gyaran lantarki albarka," in ji Yaya. Babu wanda ya yi dariya.

Da aka gama, ta buɗe sakamakon. Hoton kai ya fito a fuskar kwamfuta. Ja ya kama daga wajen kunne, ya bazu gaba da ƙeya kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

"Ga shi nan," ta ce. "Yana ciki."

Yaya ya zauna a gefen gadon, ya kama hannun ƙanensa. "Auta, ashe kana jinmu?"

Likitan ya sunkuya, ya daɗe yana kallon wani lungu na hoton. "Hajiya, wannan an ɗauke shi ƙarfe bakwai da minti goma na safe. Yanzu sha ɗaya ta wuce."

Sai ta tuna. Dokar Malam ce: ba a sa wa majinyaci hula sai an gwada ta a kan mai lafiya. Da, shi ke gwadawa a kanta, ita a kansa. Yau da safe ta duba ɗakin binciken babu kowa, ta sa wa kanta. Wutar da suke murna da ita tata ce.

Ta buɗe nasa. Ɗan ɗigo ya haska wajen kunne, ya mutu. Can kuma wani abu dishi-dishi ya gifta ta goshi, ya ɓace.

"Wannan ba e ba ne, ba kuma a'a ba," in ji Likita.

Yaya ya saki hannun a hankali, ya miƙe bai dube ta ba. "Ku tura."

Gadon bai motsa ba. Wata doguwar mata mai tabarau ce tsaye a ƙofar, da ambulan a hannu.

"Wace ce matarsa?"

"Ni ce."

"To, ba gida zai tafi ba. Shekara biyu da suka wuce ya sa mana hannu cewa in ya shiga wannan hali, cibiyarmu ta binciken ƙwaƙwalwa za a kai shi." Ta miƙo takardar. "Bai gaya miki ba?"