In Ka Ji Zafi, Ɗaga Hannu

Kundin waƙoƙin Auta na farko ya fito a farkon wata, kuma kafin mako ya zagayo duk wanda ya haɗa jini da shi ya yabe shi. Mama ta ce ta yi kuka. Kawu ya ce bai taɓa jin irinsa ba, ko da yake daga baya an gano wayarsa ta ƙi buɗe waƙoƙin. Gwaggo ta tura wa ƙawayenta, ta kuma bi su da kira ɗaya bayan ɗaya tana tambayar ko sun saurara.

Wannan yabon ne ya kashe wa Auta jiki.

"Yaya, ko tari na yi a makirufo haka za ku ce," in ji shi, yana tsaye a kicin ɗin yayarsa da faranti a hannu. "Mama ai ranar da na gama firamare ma ta yi kuka."

"Wannan kukan mamaki ne," in ji Yaya.

Bai yi dariya ba. Ya ciro waya ya nuna mata hoton jitarsa jingine da bango. Ya riga ya sa ta a kasuwa, har wani ya ce zai zo ranar Asabar ya ɗauka.

"Mutum ɗaya nake so. Wanda bai san ni ba, bai san Mama ba, ba ya jin nauyin kowa a gidanmu. Ya ji, ya faɗi wani abu don kansa. In babu, gara in san sayar da tayil ne sana'ata, in huta."

A shagon tayil yake aiki, kuma a ɗakin ajiyar shagon ya ɗauki waƙoƙin, tsakanin kwalaye, bayan an tashi. Ba su da hayaniya. Muryarsa ce da jita, sai wani abokinsa da ke shigowa da piyano nan da can, da wasu 'yan mata biyu masu amshi can ƙasa-ƙasa. Muryar tana da ɗan kaushi, kamar ta wanda bai daɗe da tashi daga barci ba, kuma ba ta gaggawa. Yakan ja kalma har mai sauraro ya zaci za ta tsinke, sannan ya ajiye ta a hankali. Yaya tana ganin kundin ya yi kyau. Ta kuma san ganinta ba shi da daraja a wannan shari'ar, tunda ita ta koya masa ɗaura igiyar takalmi.

Yaya mataimakiyar likitan haƙori ce. Asibitin ɗakuna biyu ne a saman wani kantin magani: wurin jira mai kujeru shida da teburin Sakatariya, sai ɗakin aiki, inda akwai doguwar kujera mai kwantawa, fitila mai wuya, da tire na ƙarafa masu sheƙi waɗanda marasa lafiya ke ƙoƙarin kada su kalla. Shekara da shekaru lasifikar da ke kusurwar rufi abu ɗaya take fitarwa, wato ƙarar ruwan sama. Likita ya yi imani tana kwantar da hankali. Yaya, wadda ke nuna wa mutane hanyar banɗaki, ta san abin da take tayarwa.

Ranar Litinin ta ce wa Likita tana so a canza, a sa wasu waƙoƙi.

"Waye mawaƙin?"

"Ƙanina ne. Amma kada a gaya wa kowa."

Likita ya dube ta ta saman tabarau. "Babu ganga?"

"Babu."

"To. In hannuna ya fara rawa a bakin mutum, ke za ki yi wa lauyansa bayani."

Dabarar Yaya mai sauƙi ce. Wanda ke kwance a kujerar nan, baki buɗe, auduga a kumatu, ba ya da lokacin yi wa kowa kara. Idan waƙa ta iya isa gare shi a wannan halin, to ta isa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, mai buɗaɗɗen baki ba ya magana, kuma da an sallame shi ƙofa kawai yake nema.

Don haka ta koma kallon hannaye. Wata malamar makaranta da ta damƙe hannun kujera har jijiyoyinta suka fito ta sassauta yatsu a tsakiyar waƙa ta biyu. Wani tela ya riƙa kaɗa babban yatsan ƙafa cikin silifa. Yaya ta kai wa Auta rahoto ta waya.

"Allurar kashe zafi ce," in ji shi.

"Allura ba ta kaɗa ƙafa."

"Tsoro yana kaɗawa."

Sakatariya ta ce waƙoƙin sun shiga ranta, amma ita ta san Auta tun yana zuwa karɓar makullin gida, saboda haka ba a ƙidaya ta ba. Har Likita an kama shi yana bin amshi a cikin takunkumi. Auta ya ce ubangidan yayar mutum a wurin aiki ɗan'uwa ne ta wata fuskar.

Ranar Juma'a da rana aka kawo Baba Direba. Kawo shi aka yi, domin 'yarsa ce ta riƙo hannun rigarsa har saman bene, ta zaunar da shi, ta koma ta tsare ƙofa. Dattijo ne ƙaƙƙarfa, direban babbar mota mai dogon zango, kumatunsa na dama ya kumbura. Ya shaida wa Sakatariya cewa ya taɓa canza taya shi kaɗai a cikin daji, amma bai ga dalilin da zai sa mutum ya buɗe wa wani baki da ransa ba.

Mataunin ƙasa ne ya yi kogo. Likita ya ce za a share a cike. Yaya ta ɗaura wa dattijon ƙyalle a wuya, aka yi allura, aka jira ta kama. Sannan Likita ya faɗi abin da yake faɗa wa kowa.

"Baba, ba za ka iya magana ba. In ka ji zafi, ɗaga hannun hagu, zan tsaya nan take."

Baba Direba ya gyaɗa kai. Yaya ta sa masa auduga, ta rataya bututun tsotse yawu a gefen baki. A sama, waƙa ta huɗu ta fara. Injin huda haƙori ya soma kukansa mai tsini.

Hannun hagu ya tashi.

Likita ya ɗage ƙafa, injin ya yi shiru. "Zafi?"

Dattijon ya fitar da wani sauti da ba na kowane harshe ba, ya nuna sama da yatsa. Likita ya bi yatsan da ido, ya ga fitila, ya kawar da ita daga fuskarsa. Baba Direba ya kwanta lamo, idanunsa a rufi. Injin ya sake tashi. Hannun ma ya sake tashi.

"Har yanzu?" Likita ya ƙwanƙwasa haƙorin da bayan madubi. Mutumin ko motsi bai yi ba. "Ikon Allah. Wasu jijiyarsu na da taurin kai. Miƙo min wata allurar."

Aka ƙara allura. Dattijon ya rufe ido ya haƙura. Kafin a gama, waƙar ta ƙare, ta biyar ta shigo. Babu inji, babu ƙarfe a bakinsa, amma hannun ya tashi karo na uku, wannan karon yana juyawa a iska kamar mai ba wa mota hannu ta yi baya.

Yaya ta dubi hannun, ta dubi lasifika. Ta zare bututun, ta ciro audugar.

"Baba, me kake so?"

Leɓensa na ƙasa ya riga ya mutu, kalmomin suka fito a kwance. "A mayar da ta takalman nan. Wannan abin naku yana cinye min rabin maganar."

Likita ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ba zafi kake ji ba?"

"Tun allurar farko ban san ina da baki ba."

"To me ya sa ka bari na ƙara?"

"Ka ce ba zan iya magana ba."

Likita ya yi dariyar da sai da ya sauke takunkumi. Ya duba agogo, ya ce mai zuwa na gaba bai iso ba tukuna. Yaya ta mayar da waƙar, su uku suka kasa kunne.

Waƙar ba ta da wani labari mai girma. Yara ne biyu da mahaifinsu ke yawan tafiya. Ba sa jin tsayuwar mota, ba sa jin buɗe ƙofa.

*Da safe sai mu ga takalma biyu a bakin ƙofa,*
*manya, da jar ƙasar wani gari.*
*Mu raba su, kowa ƙafa ɗaya,*
*mu yi ta ɗingishi a tsakar ɗaki har ya farka.*

Daga nan jitar ke tsayawa, 'yan amshi su riƙe baitin ƙarshe su kaɗai, piyano ya shigo a makare kamar wanda ya tsaya sauraro ya manta aikinsa. Yaya ta san waƙar ciki da waje. Ta kuma san takalmin hagu ne nata, domin Auta kullum sai ya yi rigima a kan na dama. Ta shiga jera ƙarafan da ke kan tire, ko da yake a jere suke.

"Shekaru ina dawowa gida in tarar da takalmina ɗaya a kicin, ɗaya a bayan kujera," in ji Baba Direba. "Na yi ta faɗa ina cewa ba a da tarbiyya a gidan." Ya juya kai wajen ƙofa, inda 'yarsa ke leƙe. "Ke ce, ko?"

"Ni da yayana," in ji ta. "Baba, ka buɗe baki a gama."

Aka gama. Bai sake ɗaga hannu ba. Yana kurkure baki, rabin ruwan na zubowa ta gefen da ya mutu, ya tambayi waye mawaƙin.

"Wani yaro ne, sabon shiga," in ji Yaya. "Baba, in na kira shi za ka maimaita masa?"

Ta kira, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Ana jin ƙarar jan kwali a bayan Auta.

"Kai ne mai takalma?" in ji dattijon. "Waƙarka ta yi. A sa min ita a waya, hanya da nisa."

Auta ya ce, "Kawu ne, ko? Yaya, kin sa Kawu ya cusa tsumma a baki."

"Wane Kawu? Kai, yaro, allura biyu na sha saboda kai."

"Na gode, Kawu. A gaida gida."

Baba Direba ya karɓe wayar daga hannun Yaya. "Tsaya, ban gama ba. Wadda ke bin ta, ta soyayyar nan, ba ta yi ba. Ta yi tsawo. Ka hau tudu da giya mai nauyi, mota tana ta gurnani ba ta ci gaba. Yarinyar ta tafi, mun ji. Sau nawa za ka gaya mana?"

Waƙa ta biyar ita ce wadda Auta ya fi ji da ita. Ita ce kuma wadda Mama ta ce ta sa ta kuka.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, da wata murya dabam, "maimaitawar da gangan ce. Mutumin ya kasa yarda ne."

"To ya kasa yarda sau biyu, ya isa. Mu ma muna da wurin zuwa."

"Baiti na uku fa? Inda piyano ke sauka?"

"Nan ne na fara jin haƙorina."

Auta ya fashe da dariya, irin wadda Yaya ta kwana biyu ba ta ji ba. Ya tambayi ta shida, dattijon ya ce bai kai nan ba, an sallame shi. Ya tambayi ta farko, ya ce lokacin tsoro bai bar shi ya ji komai ba. Suka yi ta ja-in-ja har Sakatariya ta leƙo ta ce mai zuwa na gaba ya iso.

Da zai miƙa wayar, Baba Direba ya tsaya. "Na ji ya ce miki Yaya. Ƙaninki ne?"

"Autanmu ne."

"Ash. Da na sani da na sassauta."

"Shi ya sa ba a gaya maka ba, Baba."

Ranar Asabar mai sayen jita ya zo, aka ba shi shayi da haƙuri, ya koma hannu wofi. Auta ya wuni a kicin ɗin Yaya da jitar a cinya, yana yanke baiti na uku yana mayarwa. Ya ce dattijon bai fahimci waƙar ba sam. Zuwa la'asar ya rage ta da kusan rabi.

Ƙarar ruwan sama ba ta dawo asibitin ba. Da Baba Direba ya zo a duba cikon, ya tarar da wani saurayi a wurin jira, jita a tsakanin ƙafafu, ba shi da ciwon haƙori, yana jira ya rera masa sabuwar ta biyar. Dattijon ya ce sai an gama da bakinsa, kuma bai yi alkawarin komai ba.

Likita ya kwantar da kujerar, ya jawo fitila.

"Baba, an yi gyara a doka," in ji shi. "Hagu na zafi ne. In waƙa ce, ɗaga dama."