Jikin Masahudu

Da sanyi ya sauka a Doha, Abu Jasim ya sa aka fito da karafan, motar nan mai gadaje da kicin da banɗaki a cikinta. Ya ce bana hamadar arewacin Saudiyya zai kai iyalinsa, can inda yashi yake ja. Haladu ne direbansa, mutumin Gumel, ya daɗe a gidan har yaran suna ce masa ammi, wato baffa. Ba a nemi shawararsa ba, shi ma bai sa ran a nema ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙaninsa Masahudu. Shi ya yi masa hanya ya zo, ya samu aikin goge-goge a filin jirgin Hamad, suke kwana ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran da wasu 'yan gida. To, ciwon ciki ya kayar da shi har aka ba shi gado a asibiti.

Ranar tafiya Haladu ya biya ta can da hantsi.

"Angon Firdaus, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Sauƙin ne ya mai da kai tsinken tsire? In ta gan ka haka ai sai ta fasa."

Masahudu ya yi dariya, dariyar ta sa shi dafe ciki. "Kai dai ka taho min da nonon raƙumi. An ce yana magani."

Haladu ya damƙa shi a hannun Malam Audi, dattijon ɗakinsu, mai aikin gadi, ya ja mota.

Suka ƙetare iyaka suka miƙi titi, titin da ba ya lanƙwasa, ba bishiya, ba mai tallan ruwa. Ka yi tafiyar wuni ba ka ga komai ba sai raƙuma da tayoyin da suka fashe aka yar. A baya yara na tsalle kan gadaje, uwarsu na dafa shayi, Haladu na riƙe da sitiyari, hankalinsa na asibiti.

A garin ƙarshe kafin su bar kwalta suka tsaya shan mai. Abu Jasim, kafil ne, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, amma ba mugu ba, ya dafa kafaɗarsa.

"Haladu, daga nan waya ba ta shiga. Kira ka ji. In jikin ɗan'uwanka ya yi tsanani, khalas, shi ke nan, akwai jirgi a garin nan, ka koma. Ni zan lallaɓa da motar."

Haladu ya koma bayan karafan ya kira. Wayar Masahudu ce, amma Malam Audi ya ɗauka.

"Malam, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ba ni shi mu gaisa."

"Barci yake. Ku dai ku yi ta addu'a."

Haladu ba yaro ba ne. Ya san mutanenmu, ko da cokali ake ɗiga wa mutum ruwa a baki, ka tambayi na kansa, da sauƙi zai ce maka. Shi kansa ya sha faɗa wa wasu haka. Amma babba ya yi magana, ba ka ce masa ya rantse. Kuma ya buɗe baki ya ce "Malam, zai tashi kuwa?" gani yake kamar shi ke kira wa ƙaninsa mutuwa. Ga kunyar ya bar mutum da mata da yara a bakin daji da motar da bai saba ja ba. Sai ya yi godiya ya kashe waya.

"Yaya?" in ji Abu Jasim.

"Sun ce ya samu sauƙi."

Balarabe ya ɗauki maganar yadda ya ji ta. Ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah. "Yalla, mu tafi!"

Suka nutsa cikin yashi. Ƙasa ce da in ka yi kira babu mai amsa maka, ko tsuntsu. Da safe ruwan alwala ya yanki hannu, da rana iska ta share sawun motar kamar ba a taɓa wucewa ba. Yara suka yi ta gangarowa daga tudu suna ihu. Haladu ya kafa tanti, ya hura gawayi, ya gasa nama, duk abin da aka sa shi ya yi. In ya samu sarari sai ya hau tudun da ya fi tsawo, ya ɗaga waya sama yana juyawa gabas da yamma, ya sauko da yashi cike da takalmi. Wata rana suka ci karo da wani makiyayi ɗan Sudan, Haladu ya roƙi nonon raƙumi a gora, ya cusa can ƙasan firji inda yara ba za su gani ba.

Sai da Abu Jasim ya gaji don kansa suka juyo. Suna hawa kwalta waya ta fara ƙara. Saƙonni rututu, har daga mutanen da ko barka da Sallah ba sa yi masa, kowa kuma abu ɗaya yake cewa: Allah ya dawo da ku lafiya. Ya kira Malam Audi.

"Kana tuƙi ne, Haladu?"

"Ina tuƙi."

"To ka iso tukuna."

Bai ƙara tambaya ba. Ya jawo motar nan duk tsawon hanyar, bai taka kowa ba, bai ce wa kowa komai ba.

Da la'asar ya isa Bin Omran. Takalma ya fara gani jibge a ƙofar ɗaki. Ya shiga, aka matsa masa wuri a kan darduma, aka yi ta "sai haƙuri". An riga an yi sutura, an kai shi makabartar Doha. Da mutane suka ragu ya dubi dattijon.

"Malam, ranar da na kira, barci yake?"

Malam Audi ya sunkuyar da kai. "Idonsa biyu. Magana ce ta fara gagararsa."

"Ya neme ni?"

"Ya neme ka."

"Mai gidana ya ce in hau jirgi in dawo. A gabana jirgin yake, Malam."

"Ai ba ka gaya min ba, ɗan nan! Ni gani na yi kana riƙe da rayukan mutane a kan titi. In faɗa maka ka kifar da su?"

"Da ka ce min in taho."

"Da ka tambaye ni."



Washegari Haladu ya je aiki, don karafan na buƙatar wanki. Yana kakkaɓe yashi Abu Jasim ya fito da kofin gahawa, ya tambayi mai jiki. Haladu ya faɗa masa. Mutumin ya dire kofin har ya zube.

"Kai ka ce min ya samu sauƙi! Ni na ce ka koma, ban ce ba? Wane irin mutane ne ku?"

Haladu ya ci gaba da goge mota da tsummansa. Abu Jasim ya yi faɗansa ya gama, ya share ido da gefen rawani, ya shiga gida ya ɗauko makullin ƙaramar mota. Haladu ya miƙa hannu zai karɓa.

"A'a. Zagaya can ka zauna."

Shi ya tuƙa shi har makabarta. Suka tarar da sababbin kaburbura jere, ƙasa iri ɗaya, tsawo kusan ɗaya. Haladu ya bi layin ya dawo, ya sake bi. Daga ƙarshe ya ciro waya ya kira Malam Audi, ya ce, "Malam, ga ni na zo. Wanne ne?"