Farin Gidan da ke Bayan Dodo

Ranar da Zubaida ta fara zuwa, lift ɗinmu na hawa bene ya kwana huɗu a lalace, ni kuma na gama yi wa Hosea wanka ke nan, bayana kamar zai rabe biyu. Hosea mijina ne, shekara arba'in muna tare. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku da suka wuce, ni ce hannunsa, ni ce ƙafarsa, ni ce bakinsa. Magana guda ta rage masa a duniya: "Mu tafi gida." Da safe ya faɗa, da rana ya faɗa. In na ce ga mu a gida, ya girgiza kai. In na ce Jos yake nufi, ya sake girgizawa. Na gaji da tambaya, sai dai in ce masa to.

Zubaida ta hawo bene tara da ƙafa, ta tsaya a ƙofa tana haki, da jaka a rungume. 'Yar Zariya ce, za ta haura arba'in, tana aiki a wani ɗan gidan baje zane a bakin kogi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida Hosea, sannan ta shiga jera kwalaye a teburina, inda na ajiye magungunansa.

Ina ganinsu na gane su, raina ya ɓaci. Kwalayen wasan kwamfuta ne na da, waɗanda ake sayarwa a kaset. Ga ƙato da takobi, ga dodo yana aman wuta, ga jirgi yana ratsa taurari.

"Mama, muna shirya baje kolin tarihin zanen kwalayen wasa," in ji ta. "Waɗannan goma sha ɗayan, a takarda an ce mai kamfanin ne ya zana su, Mista Garrod. Ya rasu. Amma wata tsohuwar sakatariyarsa ta rantse min ko da'ira mutumin bai iya zanawa ba. Ta ce wani ɗan Najeriya ne, Hosea."

Na ce, "Ga shi nan. Tambaye shi."

Ta dube shi, ya dube ta. Ya ce, "Mu tafi gida."

Ban yi niyyar ba ta labari ba, amma bakina ba ya jin magana. Na gaya mata a Bukuru ya koyi sana'ar, yana zana zaki da mikiya a bayan manyan motoci. Ya zo Landan karatun zane, ya faɗa hannun wannan kamfani da ke saman wani shagon kifi a Tottenham. A waya ake ba shi aiki: akwai dodo, akwai jarumi, a kawo ran Juma'a. Shi ke nan. Bai taɓa buga ko ɗaya daga cikin wasannin ba. Ni na taɓa gani sau ɗaya a gidan maƙwabta. Jarumin nan mai ƙirji kamar ƙyauren shago, a talabijin ɗigo bakwai ne yana tsalle kamar ƙuma. Na yi dariya har da hawaye, na ce wannan ai damfara ce da fenti.

Zubaida ta ce haka zamanin yake. Na'urar ba ta iya nuna abin kirki, don haka kwalin ne ke yi wa yaro alkawari, shi kuma ya ƙarasa sauran a kansa. Wasa guda, zanen Amurka daban, na Japan daban, na nan daban. Yawancin masu zanen ba a barinsu su sa hannu, wanda ya sa kuwa a datse gefen wajen bugawa. Da na'urori suka iya zana nasu hoton, aka sallame su ba ko sallama.

Wannan ba sai ta gaya min ba. Ni na ga ranar da Hosea ya naɗe robar injinsa na feshin fenti ya tura ƙarƙashin gado, ya je ya nemi aikin wanke bas. Shekara ashirin da shida ya yi yana wanke aman mashaya.

"Shugabana ba zai canja suna da maganar baki ba, Mama," in ji ta. "Yana son shaida. Zanen asali, ko gwaji, ko wata takarda mai kwanan wata. Ran Juma'a za a buga allunan bango. In ban samu ba, sunan Mista Garrod zai hau, kuma shi zai shiga littafi."

Na ce babu. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Allunan zanensa sun fi talatin, a bayan kabad suke, danshi ya ci wasu. Wata rana a cikin fushi, yana wurin aiki, na kwashe su duka na kai bola da hannuna. Da ya dawo ya duba bayan kabad, ya dube ni, ya wanke hannu ya ci tuwonsa. Har yau bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Tana mayar da kwalayen cikin jaka sai ta tsaya, ta ɗora yatsa a kusurwar ɗaya. "Masu tara waɗannan suna ce wa mai zanen 'mai farin gida', saboda wannan. A duk sha ɗayan yana nan."

Na sa tabarau. Can bayan fiffiken dodon, a kan tudu, bai fi farcen ɗan yatsana ba. Farin gida, jan rufi, koriyar ƙofa, da shingen ƙerana irin na ƙauyukan Jos zagaye da shi. Ta nuna min wani kwalin, ga shi a duniyar wata, tsakanin duwatsu. Wani kuma a ƙarƙashin teku! Shekara da shekaru kayan nan na cikin ɗakina ban taɓa tsayawa na dube su ba.

Na ce mata ruwan zafi na kan wuta, ta gaida gida.

Na san gidan, yaya ba zan san shi ba? Shi ya kawo ni ƙasar nan. Wata huɗu da aurenmu Hosea ya taho, ya bar ni ina koyarwa a firamare a Vom, da albashina, da lambun dankalina, da uwata kusa. Na ce ba inda za ni. Sai ga wasiƙa a 1986, a ciki ɗan kati ya zana wannan gida da fenti, a baya ya rubuta, ya sa hannu: "Kachollom, ga gidanmu a Landan. Ke kaɗai yake jira." Na yawata da katin nan gida gida. Na nuna wa shugabar makaranta, na nuna wa matan zumunta a coci, na ajiye aiki. Kai, wauta! Ina Landan ina ƙerana? Amma wanda yake so ya yarda ba ya duba shinge.

Na sauka na tarar da ɗaki guda a Edmonton, bayan gida na haɗaka da mutum tara, injin feshi na gurnani a gindin gado. Na yi wa rogo kallon kitse. Na ce, "Ina gidan?" Ya ce, "Yana zuwa." Daga nan council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu wannan flat, aka haifi Zion, uwata ta mutu ban je ba, shekaru suka yi ta wucewa. Katin kuwa ban yar ba. Na adana shi a ƙasan akwati, cikin ambulan ɗinsa, ƙarƙashin zannuwan aurena. Ba don ƙauna ba, kada ma a ɗauka haka. Na ajiye ne don ranar da zai ce bai taɓa cutata ba in zaro in nuna masa. Ranar ba ta zo ba, don mutumin bai taɓa musu ba.

Kwana uku ina fama da kaina. In na bayar, duk Landan za ta karanta yadda aka yi wa malamar makaranta wayo da kati kamar yarinyar goye. Matan cocinmu za su je, na san su, ba abin da ke wuce su. In na hana, na zubar da allunansa sau biyu ke nan. Ran Laraba ina ba shi kunu, rabi a baki rabi a riga, na ce, "Baban Zion, ka san me ka yi min kuwa?" Ya zuba min ido. Na goge masa haɓa. Ba fushi nake ji ba a lokacin, wallahi gajiya ce zalla, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ran Alhamis da carer, mai zuwa kula da shi, ta zo yin awa biyunta, na sauka benen nan tara, na hau bas, na hau jirgin ƙasa, na kai wa Zubaida katin har ofis. Ta sa farar safar hannu kafin ta taɓa, abin da ni na sha jefarwa a ƙasan akwati. Ta duba tambarin gidan waya a ambulan, shekara biyu kafin wasan farko ya fito. Ta ɗora katin kusa da kwali, ta sa gilashin ƙara girma. Ta juya bayan ta karanta. Ta ɗago ta dube ni.

"Mama, kun taɓa zama a gidan?"

Na ce, "Ke ma kin hau benenmu."

Ta ce za ta iya nuna gaban kawai, a rufe rubutun. Na ce a'a, rubutun ai shi ne hannunsa, shi ne sunansa. In za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, a fassara musu ma. Ƙaryar da ya yi wa 'ya'yan Turawa ta kwana ɗaya ce, su buɗe kwali su ji haushi su manta. Tawa ce mai shekara arba'in.

Aka buɗe baje kolin wata Asabar da rana. Zion ya zo daga Barking, shi da wani maƙwabci suka sauko da uban a kekensa na marasa lafiya, don lift ɗin ya gyaru ya sake lalacewa. Wurin cike da maza masu furfura da tumbi, suna tsaye gaban kwalaye suna murmushi kamar an ba su alewa. Wani ya riƙe hannun Hosea mai lafiyar da hannu biyu, yana cewa saboda dodonsa ya yi makonni yana tara kuɗin tara yana yaro. Hosea dai kallonsa yake. Takalmina na matsa min, kafaɗata na zogi saboda turin keken.

Bangon ƙarshe nasa ne. Kwalaye goma sha ɗaya a jere, a samansu sunansa da manyan baƙaƙe, Hosea Dalyop, an rubuta daidai. Na sunkuya na ce, "Baban Zion, duba sama. Ga sunanka." Bai duba ba. Na ɗaga masa haɓa, ya sauke. Duk wannan hawa da sauka, duk tonon asirin nan, mutumin ko a jikinsa.

Ashe ba can idonsa yake ba. Zubaida ta sa an buga hoton katin da girma, ya kusa kai tsayin ƙofa, a gefen kwalayen. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ga farin bango, ga jan rufi, ga ƙerana kowace da ƙayarta. A bakin koriyar ƙofar akwai kujeru biyu, abin da ban taɓa lura da shi a katin ba saboda ƙanƙanta.

Hosea ya ɗaga hannun hagu, ya miƙa yatsa. Ya juyo ya dube ni, irin duban da ya yi min ranar da na sauka daga jirgi da akwatina.

"Mu tafi gida," in ji shi.

Na so in ce masa wane gida, maƙaryaci, fenti ne. Maganar na bakina, na shekara arba'in ina wasa ta kamar wuƙa. Sai na tura keken gaba, har gwiwarsa ta kusa taɓa bango. Na taka birki na dama, na taka na hagu, na gyara masa bargo.

Na ce, "To, ga mu. Mun iso."

Ya sauke hannu. Akwai benci a wurin, na jawo shi kusa da keken, mai gadi na kallona. Na zauna, na cire takalmi.