Wando Mai Zariya Ba Ya Faɗin Ƙugu

Ni fa tun farko ban so wannan ɗinkin ba. Amma wa zai hana Baba abin da ya sa a ransa? Tun da ya ji Yaya Abdurrahim zai gama karatunsa a can ƙasar sanyi, kuma za a yi musu liyafar yamma, ya kafe sai ya ɗinka masa kayan da zai sa. Mutumin da ya yi shekaru bai leƙo gida ba, waya ma sai ya ga dama yake ɗagawa.

"Zakiyya, in ban je ba, kayana su je," in ji Baba. "Ina so a gan shi da abin da ya fito daga hannun ubansa."

Haka muka hau mota daga Taura zuwa Dutse, rana tana dukan mu. A kasuwa muka shiga shagon Alhaji Lado mai yaduka. Ya sauko da masu sheƙi, marasa nauyi, irin na ma'aikatan sakatariya. Baba ya ɗaga ɗaya ya duba ta wajen ƙofa.

"Haba Alhaji, ina hango masu wucewa ta cikinsa. An ce ƙanƙara ce ke zuba musu kamar garin rogo. Kawo mai kauri."

Sai da Alhaji Lado ya hau kujera ya ciro wasu bandura na ulu da ba mai tambayarsu. Baba ya damƙa, ya saki, ya ga ko zai yamutse. Ya goga a kumatunsa don kada ya zama mai ƙaiƙayi. Har hura iska ya yi a jikin yadin, ya tara tafin hannu ta baya. Gumi na ɗiga daga gemunsa, ni kuwa takaici kamar ya kashe ni. A ƙarshe ya zaɓi ruwan toka mai nauyi na wandon sanyi, da baƙi wuluk na kwat da wandon liyafa.

Daga nan sai unguwar Yalwawa, wajen Malam Ashafa tela, wanda aka ce ya iya ɗinkin kwat. Ya nemi awo. Baba ya ciro wandon shaddar da Yaya ya yi sallarsa ta ƙarshe a gida da shi, ya miƙa, kamar yadda muka saba kai gwaji.

Tela ya juya wandon. "Baba, wannan mai zariya ne. Tsawo kawai zai ba ni. Wandon kwat sai da ƙugu daidai. A kira shi ya faɗa."

Baba ya kira, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake. Wallahi sai da na kau da kai, don kunya ta kama ni a gaban mutane.

"Yana aji," Baba ya ce, kamar an tambaye shi. Sai ya buɗe hannuwansa biyu, ya kewaye iska da su. "Ga shi nan. Ɗana ne, siriri ne kamar ni. Auna nan."

Tela ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ɗora tef ya auna tsakanin hannuwan Baba.

Ɗinki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Baba da kansa ya ninke, ya kai wa Malam Misbahu, wani malamin jami'a a Kafin Hausa da zai tafi garin da Yaya yake karatu. Daga ranar kullum sai ya tambaye ni ko an kira.

An kira, amma wayata. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Baba ya yi mini alama in buɗe murya ya ji. Ban samu damar cewa yana kusa ba, Yaya ya fara.

"Ke Zakiyya, wane irin abu ne wannan? Wandon ko cinyata bai wuce ba. Kwat ɗin kamar bargo. Wa ya ce muku ba ni da kaya? Na ba wani yaro ɗan Sudan. Ki ce wa Baba ya yi daidai, na gode, kada ya sake wahalar da mutane."

Na so in zage shi, Allah ya sani, yayana ne ko ba yayana ba. 

 Baba ya matso kusa da wayar, ya rage murya kamar mai roƙo.

"Abdurrahim, ni ne. Shi yaron da ka ba, ya ce yana tare sanyin?"

Na duba wayar. Ya riga ya kashe.